Fitilar Makiyayin Shanun Ƙarfe

Abu biyu ne na tashi ban ga kakata tana yi ba: ɗaukar fitila da kiran sunana.

Habboba muke ce mata, yadda yaran Khartum ke kiran kaka. Sunanta Tabawa. Daga Jazira aure ya kawo ta, inda iyayenta ke tsinkar auduga. Gidanmu yana kudu da tasha, cikin unguwar laka da kwano da buhu, daf da filin taragu inda ake raba jirage ana haɗa su. Daga tsakar gida muna jin ƙarfe na dukan ƙarfe, safe da yamma. Da shi muke barci, da shi muke tashi.

Kakana a filin nan ya yi aiki, a nan kuma ya mutu, 'yan watanni kafin a haife ni, ba da jimawa ba bayan tafiyar Turawa. Sai aka sa mini sunansa, Ilyasu. Mace irin Habboba ba ta faɗin sunan miji, yana raye ko yana ƙasa. Don haka Maigida take ce mini. Tana tsokanata a gaban baƙi, wai ta yi asarar miji, ga majina ga ƙwaurin ƙafa, ko tsinken ashana bai taɓa kawo mata ba. Ni kuma in ce zan sake ta in auri mai haƙora. Haka muke.

Fitilar kuwa, idan ana so a gusar da ita, sai ta kira yayata Hauwa. Ko fitilar na gefen ƙafarta, ba ta taɓawa. Mun ɗauka warin kananzir ne ba ta so.

Ban yi makaranta ba. Jikata Safiya ce ke rubuta wannan, na kuma hana ta ƙara gishiri.

Bayan sallar isha'i Habboba kan zauna gaban kanu, wato murhun gawayi, tana soya bun ɗin gahawa. Ta daka shi da citta a ɗan turmin ƙarfe, ta zuba a tukunyar jabana. Idan harshen wuta ya lafa, garwashi ya yi ja, sai ta ce, "Wuta ta kwanta, ku matso." Mu ce mun matso. Tana da tatsuniyoyi da yawa, na kura da na 'yan ruwa, kuma kullum sai ta sauya musu wani abu. Yau kura ta mutu, gobe ta tsira. Guda ɗaya ce ba ta taɓa sauya wa ko kalma ba. Takan yi mana ita a farkon kowane azumi, da duk ranar da aka kawo mata ƙara cewa an ga ɗayanmu a filin taragu yana tsintar dawar da ta zube ko ragowar kwal.

Ta ce akwai wani daji da ba ciyawa, sai tsakuwa da hanyoyi masu sheƙi. A cikinsa shanun ƙarfe ke kiwo. Ba su da ido, ba su da kunne. Bijiminsu kaɗai ke gani, shi ma ba ya gane mutum, launin wuta kawai ya sani. Bijimin yana huci, yana kuka, kowa na jin zuwansa. Shanun su ne abin tsoro, don idan ya tura ɗaya ya sake ta, ita kaɗai take tahowa, ba huci ba kuka. Habboba ta ce irin wannan saniya ba ta sallama.

Suna da makiyayi. Aikinsa ya ɗaure wutsiyar wannan da hancin waccan, kuma ba yadda zai ɗaure sai ya shiga tsakaninsu. Kafin ya shiga, sai ya ajiye wutarsa a ƙasa, ja, tana kallon bijimi. Muddin jar wutar nan na zaune, bijimi ba ya motsi ko sama za ta faɗo. Idan makiyayi ya gama ya fito, sai ya ɗauki wutar ya mai da ita fara, ya kaɗa ta hagu da dama. Wannan shi ne kira: taho.

A nan takan tsaya ta yi mana tambaya, tana nuna mu da muciyar bun.

"Hauwa, kin ga shanu biyu da rata a tsakaninsu."

"Sai in zagaya."

"Ratar ta kai faɗin ɗaki."

"Ko ta kai masallaci, zagayawa zan yi."

"Maigida, ka ga wuta a ƙasa, ba kowa kusa da ita."

"Ba tawa ba ce."

"Iska za ta kashe ta."

"Ba tawa ba ce."

"Ashe mijin nawa yana da kai," in ji ta. Sai ta ci gaba, murya ta yi ƙasa.

Wani azumi makiyayin bai dawo shan ruwa ba, aiki ya riƙe shi. Matarsa ta jira har duhu ya fara. Ta ce mutumin nan tun asuba bai sa komai a baki ba. Ta ɗauki kwanon kunu a ka, ta shiga dajin da ba ta taɓa shiga ba. Ta yi ta ratsa shanu har ta hango wuta a ƙasa. Ta gane ta mijinta ce, don da hannunta ta ɗaura wa mariƙin wani ƙyallen zanenta. Wuta na nan, mai wuta ba ya nan. Can nesa ga maza zaune suna buɗa-baki.

Ta yi tari. Hucin bijimi ya danne shi. Ta yi sallama a hankali, ba wanda ya amsa. Sunan mijin yana bakinta. Amma ina za ta ɗaga murya ta faɗi sunan miji, maza na ji? Sai ta ce bari ta haska ta neme shi. Ta sunkuya ta ɗauki wutar. Mariƙin ya juya a hannunta, ja ta koma fara, ba ta lura ba. Ta fara tafiya, wutar na lilo hagu da dama.

"Taku uku ne tsakaninsu," in ji Habboba, ta ɗaga yatsu uku a hasken garwashi. "Yana sunkuye a bayan saniyar da ke gabanta."

Bijimi ya ga kira, ya taho.

Ba ta faɗin abin da ya biyo baya. Sai ta ɗauki taɓaryar ƙarfe ta buga a turmin bun, sau ɗaya. Har yau in na ji cokali ya daki tukunya da magariba, gashin jikina yana tashi.

Kullum sai wani a cikinmu ya tambaya, matar fa? Kullum amsar ɗaya ce: labari bai bi ta ba. Daga nan ta tura toka a kan garwashi, ta ce, "Toka ta rufe. Wanda ya ji, ya ji." Mu tafi mu kwanta. Ni ba na barci. Ina jin taragu suna karo a fili, ina ƙoƙarin gane wanne ne mai mutum a tsakani.

Tsoro ne, amma ya yi aiki. Filin nan ya ci ƙafar ɗan maƙwabcinmu, ya ci wata yarinya mai tallan gyaɗa gaba ɗaya. Daga gidan Habboba bai samu kowa ba. Mukan yi zagaye mai nisa cikin rana, sauran yara na ratsawa ta ƙarƙashin taragu suna mana dariya.

Da na girma na yi dako a kasuwa har wuyana ya ƙage. Sai aka ce ana ɗaukar gatarji a tasha, wato mai haɗa taragu da raba su. Aikin kakana ke nan. Babana ya ce shi ba ya hanawa ba ya sawa, in je in tambayi uwarsa. Na je na gaya wa Habboba. Bayan kwana uku ta zaunar da ni gaban kanu, da gemuna da komai, ta yi mini tambayoyin nan na yara ɗaya bayan ɗaya. Na amsa. Sai ta ƙara wata magana wadda ba ta cikin tatsuniya.

"In ka shiga tsakani, kada ka yi shiru. Ka yi waƙa, ka yi zagi, ka yi abin da ka ga dama. A dai ji ka."

Na ce to. Ban gane ba.

Ranar farko aka ba ni fitila. Ƙarfe ce mai ido ɗaya, da gilasai a ciki. Ka murɗa mariƙi ta yi ja, ka ƙara murɗawa ta yi kore, ka ƙara ta yi fari. Na riƙe ta. Duk abin da shugaban aiki ya koya mana na riga na sani tun ina ɗan shekara shida. Kada ka taka kan dogo, ka tsallake shi. Kada ka ratsa ta rata. Taragon da aka ajiye shi kaɗai, ka ɗaure masa birki ka sa katako a ƙafarsa. Ba ka shiga tsakani sai jar wutarka na ƙasa kuma direba ya amsa maka da busa. Fitilar da ke ƙasa, wanda ya ajiye ta shi ke ɗaukar ta, ko shugaban tasha ne ya zo.

Sannan shugaban aikin ya ba mu misali, wanda ashe ake ba kowane sabon shiga. Ya ce an yi wani ɗan Fallata, yadda 'yan ƙasar ke kiran irinmu, a filin nan, mai gaggawa. Yunwar azumi ta ɗebe shi, ya ba direba fari da hannunsa, sai ya tuna bai saka wata sarƙa ba, ya faɗa tsakani yana ganin zai riga jirgi. Ya ce kada mu zama irin Ilyasu.

Na ce, "Ni jikansa ne. Sunana ke nan."

Aka yi dariya. Daga ranar na zama Jikan Mai Gaggawa. In na yi sauri a ce gado ne, in na yi nawa a ce ina biyan na kakana. Na haɗiye. A raina na ce ashe haka abin yake: Habboba ta ƙirƙiro matar nan mai kwanon kunu ne don ta rufa wa mijinta asiri a gaban jikoki. Har na ƙara ganin girmanta.

Shekara biyu ina haɗiyewa. Wani azumi, wani mai juya layi ya faɗa mini ita a kan tabarmar shan ruwa, cewa in ci a hankali, abinci ba tarago ba ne. Na fasa masa baki.

Akwai wani tsoho mai gadin ƙofa, Ammu Taha, da ke dafa mana shayi. A zamanin jirgin kwal shi ne mai zuba wa kan jirgi wuta. Washegari ya kira ni ɗakin gadinsa ya rufe ƙofa. Da Larabci ya yi magana, yana kallon butar shayi.

Ya ce yana kan jirgin a daren da kakana ya mutu. Shi da direba duka sun ga ja ta koma fara, ta yi lilo. Abu ɗaya ya dame shi: wutar ta yi ƙasa-ƙasa, ba daidai hannun namiji ba. Kafin ya buɗe baki direba ya saki birki. Da suka ji ƙarar ba irin ta kullum ba ce, suka sauko da gudu. Suka tarar da mace a tsaye, fitila a hannu, kwano a ka. Ya ce ko ɗigo bai zube daga kwanon ba. Wannan ne abin da ya kasa mantawa.

Su biyar ne a wurin. Direban dattijo ne, ya san gidanmu. Ya ce in aka rubuta gaskiya, 'yan sanda za su tafi da ita, dangin miji za su tsine mata, ɗanta kuma zai rayu yana kallon hannun uwarsa. Ya zare fitilar daga yatsunta, ya ajiye ta kusa da hannun mamacin. Ɗaya ya bi da matar ta bayan taragu har gida. Suka yi rantsuwa. Direban ya ce mamaci ya fi mai rai iya ɗaukar kaya.

"Huɗun sun mutu," in ji Ammu Taha. "Kakanka bai taɓa karya doka ba, ɗana. Ban ga gatarji mai natsuwarsa ba. Jiya na ga ka daki mutum a kan ƙaryar da na taya ƙullawa, na ce ba zan shiga kabari da ita ba. Yanzu kayan naka ne. In ka so ka wanke kakanka. In ka so ka bar kakarka."

Na fito. Na yi zagaye mai nisa zuwa gida, irin na yarinta. Kalma ɗaya zan faɗa a fili, sunan kakana ya wanku, nawa ma ya wanku. Amma maganar da aka faɗa a tasha da safe, kafin azahar ta kai unguwarmu. Babana yana raye.

Na tarar da ita gaban kanu. Idonta ya riga ya yi rauni a lokacin, da lalube take samun turmi. 'Ya'yan Hauwa na kewaye da ita, farkon azumi ne, tana cikin labarin. Na zauna a baya da kayan aiki a jikina. Na ji tarin, na ji sallamar, na ga yatsu uku. Ta buga taɓarya. Ƙaramar yarinyar ta tambaya, matar fa? Ta ce labari bai bi ta ba. Ta rufe garwashi, yara suka tashi.

Na matso. Ta ji warin man jirgi ta ce Maigida ya dawo hannu rabbana kamar kullum.

Na ce, "Habboba, ni na bi matar."

Hannunta ya tsaya a kan tukunyar jabana. Can ta ce, "Taha na da rai ke nan."

"Yana da rai."

"Babanka fa?"

"Tatsuniya ce. Baba ya girmi tatsuniya."

Ta yi ajiyar numfashi, amma ba ta saki tukunyar ba. Ban iya magana mai daɗi ba, ban taɓa iyawa ba. Abin da ya zo bakina shi na faɗa.

"Ba ni ne maigidan ba? To maigida ya ce ya yafe. Tun a daren ya yafe. Kunu aka kai masa."

"Wa ya ba ka bakin faɗin haka?"

"Ke. Shekara ashirin da wani abu kina ce mini miji. Yau na karɓa."

Ba ta yi kuka ba. Ta juya fuskarta, ba wajena ba, wajen duhun da ke bakin katanga, kamar taku uku daga inda take. Leɓenta ya yi motsi sau biyu ba sauti. Sannan ta ce, "Ilyasu."

Na ce, "Na'am."

Ta sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, yadda ake kiran mutum a fili mai hayaniya. Na sake amsawa. Babana ya fito daga ɗaki yana tambaya wa ke kira, don bai taɓa jin sunan a muryar nan ba. Ta ce, "Mijina nake kira, ina ruwanka? Koma ka kwanta." Ya yi dariya ya koma.

Daga daren ba ta ƙara faɗinsa ba. Fitila kuwa har ta mutu ba ta taɓa ba. Ta rasu da sanyin shekarar, aka kai ta Umdurman inda danginta suka koma. Ammu Taha ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya.

Na ci gaba da zama Jikan Mai Gaggawa har na bar aiki. Na ji ana ba sababbin shiga misali da kakana sau da yawa, ina tsaye. Ban gyara ba. Babana ya mutu yana ganin ubansa ne ya yi wauta. Ko na kyauta ko ban kyauta ba, Allah ya sani. Na bar mutumin kirki cikin bakin mutane don in bar tsohuwa ta mutu a cikin 'ya'yanta. In da za a maimaita, haka zan sake yi, amma ba na cewa ba nauyi.

Filin ya ci yatsuna biyu, ya bar mini sauran. Ina tsakanin taragu kullum da waƙa a bakina, muryata kuma kamar ta jaki, har ake cewa ɗan Fallatan nan yana da taɓin hankali. Wata magariba ina sunkuye ina saka sarƙa, sai na ga ƙafafun wani sabon ma'aikaci sun tsaya gaban fitilata. Na ga hannunsa ya sauko. Ya ji waƙa, hannun ya tsaya, ya koma. Daga baya ya ce ya ɗauka wani ne ya manta ta. A ranar na gane abin da Habboba ta ƙara mini.

Da ina yaro na ɗauka darasin shi ne kada ka taɓa abin da ba naka ba. Wannan gaskiya ne, ya kuma raya ni. Amma matar ba ɓarauniya ba ce, ba kuma wawuya ba ce. Tarbiyya gare ta. Abin da uwarta ta koya mata shi ta yi, a wurin da ƙarfe bai san kunya ba.

Don haka ranar da aka kawo mini matata Asiya, kafin komai na ce mata ta riƙa kiran sunana. A gida, a kasuwa, gaban ko wane ne. Uwarta ta ce ta ba da 'ya ga mutumin da bai san mutunci ba. Wata guda Asiya tana fama kafin bakinta ya saba.

Yanzu muna unguwar Alsahafa, ɗanmu yana da rumfa a Kasuwar Libiya. Rabona da filin an daɗe. Zuwana na ƙarshe, ciyawa ta fito tsakanin dogo, awaki na kwance a inuwar taragu. Na nemi wurin ban gane shi ba.

Da magariba, idan an sauke abinci, Asiya takan leƙo daga madafa ta ƙwala kira, maƙwabta na ji. Jikoki suna dariya wai Jiddu yana amsawa tun ba a kai ƙarshen sunan ba. Gaskiya ne. Ba na bari a kira sau biyu. Mu biyu ne ke da sunan, kuma ɗayan bai samu ya amsa ba.